Ƙusoshi Huɗu a Tagar Mbah Darmi

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, kuma ko a aji aka ce in tashi in yi magana, muryata rawa take yi. In kun ga na yi tuntuɓe, ku kau da kai.

A wani lungu na birnin Semarang, irin wanda in babur ya shigo sai mai tafiya ya manne da bango, akwai wani gida mai ɗaki biyu. Ɗakin baya taga ɗaya gare shi, ita ma an kafe ta da ƙusoshi huɗu, an tottoshe gefunanta da tsumma. Mbah Darmi, kakar Wening (Mbah kaka ke nan a harshensu), ita ta kafe ta da hannunta ranar da tarin mijinta, Mbah Kasan, ya cika wata guda.

"Iska ce ta ratsa shi," in ji ta. Kowa a lungun ya san maganin wannan: a rufe mutum ruf, a shafa masa man zafi, a kankare bayansa da gefen kwandala har jan layi ya fito. Kullum da la'asar sai ta yi masa, tana cewa, "Ga shi nan ya yi ja, tana fita."

Asibitin unguwa kuwa cewa suka yi tarin fuka ne, suka ba shi ƙwayoyin wata shida.

A wannan ɗakin ne lilon Damar yake. Damar ɗan yayar Wening ne, watansa bakwai. Uwarsa tana fita masaƙa tun safe, sai magariba. Lilon zani ne da aka rataye a katakon rufi, taku uku daga gadon tsohon. Mbah Darmi ta zaɓi wurin da kanta, don duk gidan nan ne kawai iska ba ta kai wa.

Wening, 'yar shekara goma sha biyar, ita ke rainonsa in ta dawo makaranta. Takan zauna a ƙasa tana kaɗa lilon da ƙafa, littafi a cinya, gumi yana bin wuyanta. Ɗakin warin man zafi yake da na katifar da ta manta rana. In tsohon ya yi tari, sai ta riƙe numfashinta tana ƙirgawa, har ta kasa. Damar bai iya riƙe nasa ba.

Ranar Litinin nas ɗin unguwa, Bu Ratih, ta zo duba ƙwayoyin. Ta tsaya a bakin ɗakin, ta gyara takunkuminta.

"Mbah, wannan ɗaki ne ko tukunyar turara shinkafa? A buɗe tagar nan, rana ta shigo, iska ta wuce. Ƙwayoyin cutar a rufaffen wuri suke shawagi. Yaron nan kuma a fitar da shi yau, ba gobe ba."

"To, Bu. Haka ne, Bu," in ji Mbah Darmi, tana murmushi, tana rusunawa. "Sha shayinki kada ya huce."

Wening ta san wannan "to". Ba a musu da baƙo mai kayan aiki, ba a kuma yin abin da ya ce. Da nas ta fita, tsohuwar ta ƙara cusa tsumma a ƙasan tagar.

Bu Ratih ta bar wata 'yar takarda mai hoton gida da tagogi a buɗe. Wening ta karanta ta sau shida, ta shirya maganarta a banɗaki, ta maimaita. Ta sami kakarta tana yanka tempe, wani curin waken soya, a kicin, ta durƙusa kamar yadda aka koya mata.

"Mbah, wai takardar nan ta ce..."

"Takarda ta taɓa haihuwa, Nduk?" Nduk take ce mata tun tana goye. "'Ya'ya biyar na haifa, huɗu na raya. Na farin, a bayan buɗaɗɗiyar mota muka kai shi ƙauye, iska tana kaɗa shi. Kwana uku ya yi." Ta ci gaba da yanka. "Ke da ko ƙwai ba ki iya soyawa sai kin duba littafi."

Wening ta ce, "To, Mbah." Ta ji irin "to" ɗin da ta fito daga bakinta, kunya ta kama ta.

Ranar Alhamis Damar ya yi tari. Sau biyu kawai, ƙila ma kunun shinkafa ne ya sarƙe shi. Amma Wening ta tsayar da lilon, ta kasa kunne. Mbah Darmi ta riga ta tafi karatun mata a masallacin lungu, sai ita da tsohon da yaron.

"Kin ji shi?" in ji Mbah Kasan daga gado. Ta zaci barci yake.

"Na ji, Mbah."

"Me takardar taki ta ce? Karanta mini. Ni idona sai manyan baƙaƙe."

Ta karanta, muryarta tana rawa. Ya kalli lilon.

"Shekara arba'in ina tuƙa keken fasinja daga kasuwa zuwa bakin teku," ya ce. "Da iska tana kisa, da ban kai ga auren kakarki ba. Da na huta." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya kifa fuskarsa a matashi don kada ya yi wajen yaron. Da ya lafa sai ya ce, "Hammar cire ƙusa tana bayan buhun shinkafa. Can take ɓoye ta."

"Za ta yanka ni, Mbah."

"Ni za ta fara yankawa, na fi ki nama."

Ƙusa uku sun fita da sauƙi. Ta huɗun ta lanƙwashe, Wening ta ja har fatar yatsanta ta saɓule. Tagar ta yi ƙara ta buɗe. Babu wani abin kallo a waje, bangon maƙwabta ne da igiyar shanya da kwata. Amma iska ta shigo, ta ɗaga gefen kalandar bango. Tsohon ya lumshe ido ya buɗe baki.

Ba su ji sallamar Mbah Darmi ba. Sai ganinta suka yi a bakin ƙofa, da kwalin kayan sadaka a hannu.

"Innalillahi! Wa ya yi wannan?"

Wening ta tura hammar cikin siket ɗinta.

"Ni ne," in ji Mbah Kasan.

"Kai? Kai da ko banɗaki sai an riƙe ka?"

"To ashe kankarar bayan tana aiki."

"Tsohon banza, so kake ka mutu ka bar ni da wankin zannuwanka? So kake ka kashe mini yaro?" Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe. Ta ruga ta janyo tagar, amma katakon ya kumbura, da ta saki sai ya koma ya buɗe. Ta sake ja, ya sake buɗewa. Maƙwabciya ta leƙo daga wajen shanya tana tambayar ko lafiya, wata ma ta taho, surutu ya kaure.

"Ina hammata?" in ji Mbah Darmi, ta nufi kicin. Wening ta ji ana jan buhun shinkafa.

Ta san gobe za a aro wata hammar. Ta san da magariba sai ta tsaya gaban yayarta ta faɗi duk abin da takardar ta ce, ko muryar ta yi rawa ko kada ta yi. Ta kalli kakanta. Ya ɗaga mata gira, ya nuna lilon da haɓa.

Ta hau kujera ta zare ƙugiyar lilon daga katakon rufi, ta naɗe Damar a cikin zanin yana barcinsa, ta saɓa shi a kafaɗa. Ƙarfen hammar yana bugun cinyarta. Ta bi ta bayan kakarta, wadda ta duƙa tana laluben bayan buhu tana faɗa, ta ɗauki takalmanta a hannu don kada su yi ƙara, ta sulale cikin lungu.