Gyaran Matashin Kan Honarabul Halliru

Wuyan Honarabul Halliru, kansilan mazaɓar Zurgu, ya tashi ya ƙage ne saura wata biyu zaɓen fid da gwani. Duk shekara ukun da ya yi a kan kujera wuyan bai ga damar ciwo ba, sai da aka zo lokacin da ɗan siyasa ya fi buƙatar waige a kan abinci. Hanyar Zurgu zuwa Rano ce ta jawo, wadda kullum yake sukuwa a kanta da babur, wadda kuma ya rantse a gaban jama'a zai sa a gyara cikin kwana ɗari. Hanyar ta yi haƙuri da shi iya haƙuri, sannan ta huce a kan wuyansa.

Shi ciwon ma da sauƙi, fassarar mutane ce matsalar. In ya zo wucewa ta majalisar dattawa a gindin durumi, sai ya yi sallama idonsa na kallon gaba kamar wanda ya ɗauko tulu. Aka ce ai dama, wanda ya ɗanɗana ruwan firji a sakatariya ina zai waiwayi talaka. A masallaci kuwa, a zamanin da kowane ɗan siyasa ya ajiye gemu ya ɗage wando saboda Shari'a ta zo, sai aka lura Halliru ba ya juyar da kai wajen sallame salla, kafaɗa kawai yake karkatarwa. Wani ya ce to, ko mala'iku ma ya daina kulawa. Amiru, tsohon hedimastan da ke neman kujerar, shi kuwa wuyansa kamar an ɗiga masa man keke, yana gai da na dama yana yi wa na hagu murmushi.

Da abin ya ishe shi sai ya tafi Kano wurin wani likitan ƙashi. Aka ɗauki hoton wuyan, aka ba shi ƙwayoyi, aka kuma ce sai an aiko masa da wani matashin kai na musamman daga Legas. Sati uku ya yi yana jira. Da matashin ya iso, Halliru ya dube shi ya dubi likita. Wani irin soso ne mai nauyi, gefe ɗaya tudu babba, ɗaya gefen tudu ƙarami, tsakiya kuma kwarmi.

"Honarabul, ba kuskure aka yi ba, haka ake ƙera shi," in ji likitan. "Tudun nan shi zai tallafi wuyanka, ƙeyarka ta zauna a kwarmin, kai da gadon baya su miƙe a layi ɗaya. In ta gefe ka kwanta, babban tudun zai cike tsakanin kunne da kafaɗa. Kada ka ɗora shi a kan wani, kada ka ninka shi. Ka ba shi sati uku."

Sati uku cif shi ne abin da ya rage kafin zaɓe. Halliru ya ɗaure matashin a bayan babur ya kawo gida, ya ajiye a kan gado, bai ce wa matarsa Lubabatu komai ba. Mutumin da ya saba yi wa taro bayanin awa guda ba tare da ya faɗi komai ba, ina ya ga lokacin yi wa mace ɗaya bayanin matashi.

Abin mamaki, sai ga shi yana aiki. Ranar kwana na biyar da safe Halliru ya juya kai ya ga kafaɗarsa ta dama, ya yi murna kamar ya ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Ranar har mai shayi ya samu gaisuwa da kallo. Da wannan farin cikin ya tafi Kibiya ta'aziyyar wani jigon jam'iyya, ya kwana biyu.

A bayansa Lubabatu ta cire rigar matashin za ta wanke, ta ga abin da ke ciki, ranta ya ɓaci. Ita 'yar Malam Ishiyaku ce, wanda ya shekara arba'in yana ɗinka katifa da matashi da audugar rimi, yana kaiwa kasuwar Rano. A gidansu matashin da ya lotsa a tsakiya abin kunya ne, ba a barin baƙo ya gani. Ga shi an cuci mijinta an ba shi lotsattse tun yana sabo. Ta yafa mayafi ta kai wa mahaifinta.

Washegarin dawowar Halliru da hantsi aka yi sallama, aka ce surukinsa ne a zaure. Gabansa ya faɗi, don tun da aka ɗaura aure sau biyu kacal tsohon ya taka gidan. Ya fito ba takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma, idonsa a ƙasa.

"Malam Halliru, ashe haka mutanen birni suka yi maka?" in ji Malam Ishiyaku, yana kwance wani ƙunshi. "Ba sa tsoron Allah. Sun cinye kayan tsakiya sun bar maka rami. Kana da ni a garin nan ka je ka kwaso wannan?"

Ya ajiye abin a gabansa. Ashe tsohon ya sa wuƙa ya sare tudun nan biyu sun koma daidai, ya cike kwarmin da rimi, ya ƙara wani a sama da ƙasa, ya dandaƙa da taɓarya, ya ɗinke da basilla cikin jan yadi mai ƙarfi. Matashin ya fito tim kamar buhun gero.

"Kwana biyu na ajiye aikin kowa saboda shi. Taɓa ka ji. Wannan har jikokinka."

Halliru ya taɓa. Ya ji kamar ya fasa ihu. Amma ina aka taɓa jin mutum ya ɗaga ido ya ce wa uban matarsa ka yi ɓarna, balle a kan sana'arsa, balle kuma ya tako da ƙafarsa? Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Kai, Baba, har da wahala haka? Allah ya ƙara girma. Allah ya bar mana ku."

Da tsohon ya tafi Halliru ya shiga ciki ya sauke wa Lubabatu duk bayanin likita, wanda da ya yi shi tun farko da an huta. Ta saurara har ya gama.

"To Maigida, ai ga gidan can, ba nisa. Je ka faɗa masa da bakinka."

Bai je ba, ita ma ta san ba zai je ba. Ya so ya jefa matashin bayan gado, amma kullum Lubabatu ta je gaisuwa sai mahaifinta ya tambaya, ita kuwa ta ce ba za ta yi wa ubanta ƙarya ba saboda siyasa. Haka Halliru ya riƙa kwana kansa a sama kamar mai leƙen katanga. Cikin kwana huɗu wuyan ya koma gidan jiya, har ya fi da.

Abin bai tsaya nan ba. Malam Ishiyaku ya tare shi a ƙofar masallaci, gaban dattawan majalisa duka, ya ce, "Yaya wuyan yanzu?"

"Alhamdu lillahi, Baba, na warke sarai."

Tsohon ya juya ya dubi jama'a da alfahari. Jama'a kuma suka dubi juna. Da ma akwai masu yi masa uzuri cewa ciwo ne. Yanzu ga shi ya faɗa da bakinsa a ƙofar ɗakin Allah cewa ya warke, amma washegari ya wuce su a kan babur, kansa a miƙe kamar taɓarya. Masu uzurin suka daina kare shi, Amiru kuma ya ƙara yawan zagayen gaisuwa.

Ranar zaɓe aka taru a filin makarantar firamare. Ƙato bayan ƙato za a yi, kowane ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa a ƙirga su. Halliru ya tsaya cikin babbar riga, ya fuskanci gabas. Yana jin takun ƙafafu da hayaniya ta bayansa, yana so ya waiga ba hali. Ya ƙi juyawa da jiki gaba ɗaya, kada a ce Honarabul ya tsorata. Ya riƙa lissafi a zuci: 'yan unguwarsu, waɗanda ya raba wa taki, waɗanda ya yi wa alkawarin rijiya. Ko rabinsu suka zo ya wuce.

Jami'in zaɓe ya daɗe a layin Amiru, har ya nemi ruwa ya sha. Da ya zo na Halliru bai ko buɗe baki ba, ya yi ɗan rubutu a takarda ya wuce.

Nan Halliru ya ɗaga ƙafa ya juya da jikinsa duka. Mutum ɗaya ne a bayansa, tsaye cikin rana, ya dogara sanda, da ɓurɓushin rimi a hularsa. Takaici da kunya da tausayin surukinsa suka haɗe wa Halliru wuri guda.

"Kada ka damu, mulki na Allah ne," in ji Malam Ishiyaku. "Amma na lura da tsayuwarka tun ɗazu, wuyan nan da saura. Rimin ne ya fara kwanciya. Gobe ka aiko min da shi in ƙara masa."

Halliru ya durƙusa a cikin ƙurar filin, ana ta kaɗa wa Amiru ganga a gefe.

"To, Baba," ya ce. "Da sassafe zan kawo da kaina."