Matakalar Sangkala

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

To, a tsibirinmu an yi wani mai jirgin fito, Daeng Rapi; Daeng ɗin laƙabin girmamawa ne a wurinmu. Kullum da hantsi yakan kwashi mata da kwandunan kifi zuwa birnin Makassar, ya dawo da shinkafa da ƙanƙara. Injin da ke bayan jirginsa guda ɗaya ne, ya tsufa har sai an ja igiya sau goma kafin ya yi tari. Ranar da ya ƙi tashi sam, bakanike Daeng Nompo ya buɗe shi, ya leƙa, ya ce wannan sai wanka da likkafani.

Shawara biyu ya kawo. Ko sabon inji babba guda a tsakiya, mai sauƙin mai da sauƙin gyara, ko ƙanana biyu kafaɗa da kafaɗa, masu nauyi da cin mai, amma in ɗaya ya mutu a tsakiyar teku ɗayan ya kawo ka gida. Kowa ya san wanda ya kamata Rapi ya ɗauka. Shekara bakwai baya, inji ɗaya ne ya mutu musu shi da ƙanensa Sangkala, ruwa ya yi ta jansu. Rana ta huɗu Sangkala ya hango wani abu kamar tudu, ya rungumi jarka, ya sauka ta matakalar bayan jirgi ta gefen hagu, wai zai kirawo mutane. Rapi jirgin kaya ne ya tsince shi rana ta tara. Sangkala kuwa har yau.

Matakalar nan ce ta tsaya masa a wuya. Ɗan katako ne mai taki biyu, kuma in za a ɗaura inji biyu dole a cire ta. Mu a wurinmu, wanda teku ta riƙe ba ta ba da gawarsa ba, ba a rufe inda ya sauka, kada ya dawo ya rasa makama. Muddin tana nan, dangi ba sa kiran liman ya yi masa sallar jana'iza, Te'ne matar Sangkala kuma ba ta da miji, ba ta da takaba.

Rapi ya ce babban yake so.

"Daeng," in ji Nompo, "kai da ka kwana tara kana lasar raɓa a leda? Inji ɗaya ya kusa kashe ka, yanzu za ka auro wansa?"

 Akwai abin da Rapi bai taɓa gaya wa kowa ba. Duk lokacin da ya kashe inji a ruwa mai zurfi, ko da rana tsaka ne, sai ya ji an ƙwanƙwasa matakalar, jirgin ya ɗan karkata hagu kamar an ɗora ƙafa. Bai taɓa waiwayawa ba.

Washegari yana kankare gansakukar jirgi, Te'ne ta kawo masa gahawa da soyayyar ayaba. Ta tsuguna ta daɗe tana kallon katakon, sannan ta ce ita ma tana jin karkatar nan, tunda a gefen hagu take zama da kwandonta.

"Shekara bakwai yana taka ta farko, Daeng, bai taɓa taka ta biyu ba. Ba hawowa zai yi ba. Ka riƙe shi, ka riƙe ni."

Ya ce in ya cire, ya gaya wa ƙanensa ke nan an daina jiransa.

"Mu goma sha biyu kake ɗauka kowace safiya," ta ce. "Ranar da babban ya mutu, wacce a cikinmu za ta rungumi jarka?"

Kwana biyu Rapi bai ci abin kirki ba. A na uku ya roƙi Nompo ya zo da nasa jirgin ya ja na Rapi da igiya zuwa inda ruwa ke komawa shuɗi. Rana na tsakiyar ka, ba iska ko ta kaɗa gashi. Nompo ya kashe injinsa. Rapi ya durƙusa da guduma, ya zare ƙusa ɗaya, ya zare ta biyu. Sai aka ƙwanƙwasa, jirgin ya karkata.

Da ya zare ta ƙarshe, matakalar ta yi masa nauyi a hannu, nauyin da ba na katako ba, har ƙirjinsa ya taɓa bakin jirgi. Ya leƙa ruwan, karon farko. Ba kowa, sai hasken rana yana sauka har inda ido ya gaza.

"Ƙanena," ya ce, "ban je nemanka ba, ka yafe mini. Zan riƙa kai matan nan gida."

Ya saki. Katakon da ya kamata ya yi iyo ya nutse a miƙe, a hankali. Nompo ya gani da idonsa.

Ranar Juma'a aka yi wa Sangkala sallah. Te'ne ta yi takabarta, bayan shekara ta auri wani mai gasa kifi ta koma birni. Nompo ya ɗaura ƙananan biyu, kowanne da tankinsa, bai kuma sake tsokanar Rapi ba. Rapi ya yi ta fito har gashinsa ya yi fari, bai taɓa rasa fasinja ba, amma a ruwa mai zurfi bai taɓa kashe injinan biyu lokaci guda ba.

Ƙurunƙus, iyakarta ke nan.