Safiyanu Mai Haɗiye Ƙwaya

Duk kasuwar Hunkuyi an san Safiyanu mai kemis da ɗabi'a ɗaya. Kafin ya sayar maka da ƙwaya sai ya ɓalli ɗaya ya haɗiye a gabanka, ya bugi ƙirji: "In jabu ce, ni zan riga ka shiga kabari!" Da haka ya kwashe cinikin layin kaf.

Ranar kasuwa sai ga Malama Mukarrama, jami'ar lafiya, da wata 'yar takardar gwaji. Ana goga ƙwaya a kai a tsoma a ruwa, in maganin gaske ne launi ya fito. Jama'a suka yi cincirindo. Safiyanu ya san mutuncinsa ne za a tsoma a ruwan nan, amma ko a jikinsa. Ya miƙa mata maganin hawan jini, ya wurga biyu a baki don 'yan kallo.

Minti biyar, takarda tana nan fara fat.

Malama Mukarrama ta dubi Safiyanu: "Alhaji, nawa kake haɗiya a rana?"

"Har ashirin ina yi!"

"To ka gode wa Allah. Da na gaske ne, da tuni an yi sadakar bakwai ɗinka. Wannan alli ne zalla."

Kasuwa ta kece da dariya. Tsoho Jumare, wanda ya yi wata uku yana sayen maganin amma jiri bai sake shi ba, ya dogara sanda ya matso.

"Ɗan nan, ashe alli muke ci ni da kai. Kai kana tumbi, ni ina tangaɗi!"

Kafin la'asar bencin shagon ya zama wayam. Mutum ɗaya ne ya leƙo, malamin firamare, yana tambayar nawa kwalin alli.