Mu Canja Kujera

Sharfuddeen bai daɗe da fara jami'a a Dubai ba ranar da Badaru, yana tuƙa su a mota, ya bugi bayan wata farar fikof a Al Quoz, ana gab da la'asar.

Fitila ɗaya ce kawai ta fashe. Amma a garin nan ko ƙwarzane ne sai ɗan sanda ya zo ya ba da takarda, in ba haka ba babu garejin da zai taɓa motar.

Badaru ɗan aji uku ne, shi ya tarbe shi a filin jirgi, shi kuma ya kai shi walimar sababbin ɗalibai ran nan a wani fulat. Sharfuddeen ya riƙe kofin giya har aka tashi, bai kai baki ba. Badaru ya sha. Kwalbar da ta rage tana cikin jaka, ƙarƙashin ƙafar Sharfuddeen.

Doka ta ce ba mai taɓa giya sai mai shekara ashirin da ɗaya, Musulmi kuwa ko ya kai ba a ba shi izini. Sharfuddeen kuwa sha takwas gare shi. In aka kama shi da jakar nan, kurkuku ne, a soke biza, a sa shi jirgin Kano.

Direban fikof ɗin ya fito, dogo, baƙi, da rawani. Ya duba fitilarsa, ya tsaya jikin tagarsu yana danna waya.

"Mu canja kujera," in ji Badaru. "Ka ce kai ke tuƙi."

"Ba ni da lasin."

"Tara kawai za su ci ka, habibi. Ni in suka ji warin bakina na ƙare."

"Yi a hankali, mutumin nan yana kusa."

"Wannan Basudanen? Me zai ji? Yalla, tsallako. Kai ba ka sha ba, malamin Islamiyya."

Sharfuddeen ya kwance bel. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, kwalbar ta yi ƙara a cikin jakar.

Mutumin ya sunkuyo.

"Samari, ina jin ku. Sunana Issoufou, mutumin Maraɗi ne."

Iskar sanyin motar ce kawai ke huci.

Badaru ya yi wata dariya busasshiya. "Ashe ɗan gida ne. Baba, a rufa asiri mana."

"Motar patron ce, maigidana, sai da takarda, kuma na riga na kira 'yan sanda. In sun tambaye ni wa ke tuƙi, ba ni yin ƙarya." Ya juya ga Sharfuddeen. "Kai, ƙanena, ka sha?"

"A'a."

"Jakar taka ce?"

Sharfuddeen ya dubi Badaru. Gumi ya jiƙe wa Badarun wuyan riga, idonsa ya yi ja.

"Ba tawa ba ce."

"Bon. Fasinja ba shi da aiki a nan. Bayan sito ɗin can akwai babban titi, taksi na wucewa."

"Sharfu," in ji Badaru a hankali. "Ni na tarbe ka a garin nan."

Can nesa, a bayan wata tirela, shuɗiyar fitilar motar 'yan sanda ta fara walƙiya.

Sharfuddeen ya buɗe ƙofa. Zafi ya doke shi a fuska. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake jakar, ya bi jikin katangar siton, yana jin Badaru na kiran sunansa, yana ƙara sauri.