Layi Goma Sha Ɗaya na Clive Hebden

Clive Hebden yana da shekara arba'in da takwas aka rufe maɗaba'ar da ya yi wa aiki tun yana saurayi. Wata biyar ya yi a gida yana kallon yayyafi ta taga, har yayarsa Maureen ta gaji ta ce ko ya nemi abin yi, ko ta kai shi gidan tsofaffi da hannunta. Sai ya nemi gurbi a jami'ar birni, fannin kimiyyar kwamfuta, don a maɗaba'ar shi ake kira idan na'ura ta ƙi tashi. Aka ɗauke shi.

Ranar farko da ya shiga aji, ɗalibai suka yi tsit suna gyara zama, sun zaci shi ne malamin. Ya ba su haƙuri, ya lallaɓa kujerar baya. Da ƙyar ya haye shekarar farko. Abin da yaran nan ke kamawa kafin shayinsu ya huce, shi sai ya kwana uku a kansa.

A shekara ta biyu aka raba su uku-uku, kowane rukuni ya gina manhaja. Aka haɗa shi da Tamsin, yarinya mai sanyin murya wadda ta fi kowa maki a ajin, da Rhodri, wani dogon ɗan Wales da ke yawo da gajeren wando ko ana ƙanƙara. Clive ne ya kawo shawarar abin da za su gina: manhajar da za ta riƙa tuna wa mutum wane kwandon shara zai fitar a wace rana, baƙi ko kore ko mai ruwan ƙasa.

"A layinmu ba wanda ya sani," in ji shi. "Kowa leƙen tsohuwar da ke gida mai lamba tara yake yi. Ranar da ta tafi hutu, unguwa gaba ɗaya muka fitar da koren kwando ranar baƙin kwando."

Rhodri ya yi dariya har da dukan tebur. "Baba, ka gama magana. Ita za mu yi."

Akwai ma'ajiya a intanet da kowa ke zuba abin da ya rubuta, tana kuma riƙe sunan mai kowane layi. Clive ya gwada ta sau biyu, a na biyun ya kusa goge aikin kowa. Tamsin ta ce kada ya damu, ya riƙa turo mata nasa ta imel, ita za ta saka.

Haka aka yi mako goma. Yakan zauna a teburin kicin da rigar sanyi biyu, ya rubuta, ya goge, ya sake. Duk Juma'a ya tura. Duk Litinin ya tambaye ta, "Ya yi?"

"Ya yi kyau sosai, Clive. Na gode."

Rhodri kuma ya ɗaga masa babban yatsa bakinsa cike da soyayyen dankali.

Suka miƙa aikin a watan Maris. Bayan mako uku Dakta Pelling, malamin darasin, ya aiko masa da saƙo cewa in ba damuwa, in yana da ɗan lokaci, ko zai leƙo ofis.

Ofishin sanyi ƙalau. Dakta Pelling ya ba shi haƙuri a kan na'urar ɗumama ɗaki da ta lalace. Suka yi maganar ruwan da aka yi jiya, da wanda aka ce za a yi gobe. Ya miƙa masa biskit. Sannan ya juyo da fuskar kwamfutarsa.

"Wataƙila ni ne ban fahimta ba," in ji shi. "Manhajarku layi dubu huɗu ce da 'yan kai. Abin da na gani da sunanka, goma sha ɗaya ne."

Clive ya ce ai Tamsin ce ke saka masa nasa. Ya nemi a buɗe ɓangaren kalanda, wanda ya shafe sanyin bana yana yi. Aka buɗe. Ya sa tabarau, ya bi shi daga sama har ƙasa. Aiki ne tsaf, gajere, mai kyau. Babu kalma ɗaya tasa a ciki.

"Naka ne wannan?" Dakta Pelling ya tambaya a hankali.

Imel ɗin nan goma suna cikin wayarsa, a aljihun rigarsa. Ya ji nauyin wayar a ƙirjinsa. In ya nuna su, za a ga ya yi aiki, za a kuma ga abin da ya sa aka zubar da aikin.

"A'a," ya ce. "Ba nawa ba ne. Yi haƙuri, na ɓata maka lokaci."

"Haba, ni ne da ban haƙuri."

Ya sami Tamsin da Rhodri a kantin shayi na ƙasan laburare. Ya bi layi, ya sayo shayi kofi uku, ya ajiye wa kowa nasa, sannan ya zauna. Tamsin na ganin fuskarsa ta gane.

"Tun yaushe?" ya ce.

Ta sunkuyar da kai. "Clive, ba wai ba shi da kyau ba ne. Akwai tunani mai kyau a ciki. Kawai dai..."

"Baba, ba ya aiki," in ji Rhodri. "Tun mako na uku. In aka saka naka, komai sai ya tsaya cak. Ita ke zama ran Lahadi ta sake rubutawa."

"Rhodri!"

"To ƙarya na yi?"

Clive ya juya cokali a kofinsa, ko da yake bai sa sukari ba. "Me ya hana ku gaya min?"

"Na yi niyya," in ji Tamsin, idonta ya kawo ruwa. "Sau uku ina rubuta saƙon ina gogewa. Ka zo da murna, ka ce ka gano inda matsalar take, ka kawo mana kek ɗin da yayarka ta yi. Ta ina zan fara? Sa'an babana ne kai."

"Da kin faɗa, da na koya."

"Na sani."

"Kai ma fa ba ka taɓa buɗewa ka duba ba," in ji Rhodri, wannan karon ba wasa a muryarsa.

Clive ya san gaskiya ne. Tun a mako na biyar ya lura manhajar na yin abubuwan da bai san ya koya mata ba. Ya ga hakan, ya kau da kai, don amsar ran Litinin ta fi masa daɗi.

Wata mata ta zo wucewa ta bangaji kujerarsa, shayi ya zube masa a wando. Shi ya fara ba ta haƙuri.

Da yamma ya biya gidan Maureen. Ta saurare shi tana tsaye tana jiran buta ta tafasa.

"Yaran banza," ta ce. "Ka kai ƙararsu."

"Ba mugunta suka yi ba."

"To me suka yi?"

Ya rasa sunan da zai ba abin. Ta tura masa farantin gasasshen burodi da wake, ta ce ya ci tun da zafi.

Washegari Tamsin ta je wurin Dakta Pelling da kanta ta faɗi komai. Aka rage mata maki, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Shi kuma Clive aka ce ya sake aikin shi kaɗai a watan Agusta, kuma ko ya yi abin mamaki, makin tsira kawai za a ba shi.

Ya yi bazarar a ɗakin kwamfutoci na hawa na uku, shi da mai shara. Ya koyi ma'ajiyar. Ya gina manhajar, mummuna, mai jan ƙafa, amma tana aiki. Ya samu arba'in cif, makin tsira.

Da aka dawo a watan Oktoba, Rhodri ya koma wani fannin. Tamsin kuwa suna aji ɗaya har suka gama. In sun haɗu a baranda sukan yi wa juna murmushi, wani ya riƙe wa wani ƙofa. Sau ɗaya ya hango ta a tashar bas tana tsaye cikin ruwa ba lema. Ta gan shi yana tahowa, ta duba wayarta kamar an kira ta, ta taka zuwa tasha ta gaba. Ya tsaya a inda ta bari, har motar ta zo.