Murfin Zarto

Ni ne makanikin wannan ma'aikatar katako, kuma ni na cire wa babban zarton murfinsa. Gara in faɗi wannan tun da wuri. Murfin ƙarfe ne da ke rufe haƙoran zarto don kada hannu ya kai wurin, amma yana rage sauri. Wata takwas da suka wuce manaja ya ce in kwance shi, na kwance, na rataye a ƙusa bayan ƙofa. Babu wanda ya ce uffan, don a kan yawan katakon da ka yanka ake biyanka.

Ran Talata da hantsi na ji ihu. Dogo ne, ƙanen matata, wanda ni na samo masa aikin. Kafin in kashe injin, yatsu huɗu na hannunsa na dama sun tafi. Aka naɗe hannun da riga, aka jefa shi bayan motar katako, sai asibiti.

Ƙurar motar ba ta lafa ba manaja ya jawo ni gefe.

"Sufeton binciken haɗari na nan tafe. Mayar da murfin nan yanzu."

"Oga, in aka ga murfi a jiki, cewa za a yi sakacin Dogo ne. Ba zai samu diyya ba."

"In kuma aka ga babu, tambaya za a yi wa ya cire. Kana da takardar da na sa ka? Sifana a hannun wa take?"

Wallahi na so in dunƙule hannu in kai masa a baki. Mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba, shi ke gaya mini sifana! Amma 'ya'yana biyar, kuma na san wanda aka kora da laifin cire murfi ba ya ƙara samun aiki a wannan sana'a. Na je bayan ƙofa na ɗauko.

Noti shida ne. Na uku ya kuɓuce ya faɗi cikin garin katako, na durƙusa ina lalube, sai na ji danshi. Ban duba ba. Sauran ma'aikata sun yi cirko-cirko, kowa ya kau da kai. Tsohon mai gadi ne kaɗai ya tsura mini ido, ya girgiza kai ya koma bakin ƙofa.

Na ɗaure na ƙarshe, na ja da baya. Nan manaja ya dafe kai.

"Kai, ka duba! Teburi jini, bango jini, murfi fes. Makaho ma zai gane."

Ya nuna mini tsumman da aka fara danne hannun Dogo da shi, yana nan yashe a ƙasa.

"Haba oga, ka ji tsoron Allah."

"Motar sufeto ta shigo layi. Ka zaɓa."

Na ɗauka. Na shafa wa murfin jinin. Ban taɓa tsanar kaina kamar a wannan minti ba.

Sufeton mace ce, mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta zagaya injin sau biyu, ta ɗauki hoto, ta taɓa notin da yatsa. Ta juyo gare ni.

"Kai ne makaniki? Murfin nan yana jiki lokacin da abin ya faru?"

Na ji numfashin manaja a ƙeyata.

"Yana jiki, ranki ya daɗe."

"Ka tabbata? Abin da ka faɗa shi zan rubuta."

"Na tabbata."

Ta miƙo biro, na sa hannu.

Bayan la'asar na isa asibiti. Matata na zaune bakin gado, idanunta sun kumbura. Dogo na kwance, hannun a naɗe da bandeji har gwiwar hannu, leɓɓansa sun bushe. Da ya gan ni sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Yaya, ka ga an rage mini aikin yankan farce."

Matata ta ce, "Ka ji shi ko? Tun ɗazu yake wannan shirmen."

Na kasa dariya. Na tura hannayena cikin aljihu, don na wanke su sau uku amma jinin ƙarƙashin farce bai fita ba.

"Kar ka tada hankalinka, Yaya," in ji Dogo. "Mutumin ƙungiyarmu ta ma'aikata ya zo ɗazu. Ya ce tunda babu murfi, kamfani dole ya biya ni diyya, har in buɗe ɗan shago. Shaida ɗaya kawai ake so, wanda ya san injin."

Ya ɗago hannun hagu ya kama gefen rigata.

"Na ce musu ba sai sun sha wahalar nema ba. Na ba su sunanka."