Tambarin Cikin Zobe

"Minti goma suka ba mu," in ji Lauya, tana miƙa masa takardar izini. "Zoben ba zai fita daga ɗakin ajiya ba, kuma ba za ka taɓa shi ba. Cikinsa kawai za ka ɗauka. Za ka iya?"

Mai hoton da kowa ke kira Tsaya-Cak ya ninke takardar. Shekara ashirin yana ɗaukar ƙananan abubuwa: idon fara, ɗigon raɓa, zanen bayan kwabo.

"Ko haƙorin tururuwa ne," ya ce.

Ƙaninsa direba ne, kuma sati biyar ke nan yana tsare. Zoben zinariyar matar da yake wa tuƙi ya ɓace, aka caje shi, aka sami zobe a aljihunsa, ta ce nata ne. Shi kuwa ya rantse na marigayiya mahaifiyarsu ne, ya ɗauko zai kai a rage faɗinsa don matarsa. Shaida ɗaya ta rage. Maƙerin da ya yi wa uwarsu zoben yakan buga tambarinsa a ciki, ɗigo uku da ɗan baka, gaba ɗaya ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Tsohon yana raye, amma shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ya ce a kawo masa hoto babba, in ya ga aikinsa zai dangwala hannu a takardar rantsuwa. Gobe da safe kotu za ta rufe karɓar shaida.

Tsaya-Cak ya riga ya zaga wajen. Tagar ɗakin ajiya gabas take kallo, izinin kuma ƙarfe goma ne. Haske zai shigo mai laushi, yadda yake so.

Yana haɗa jaka a shago, matar ƙanin ta ɗago babbar filasha daga kan kantar kaya, haɗe da farar hular da ake sa mata don ta tausasa haske.

"Yaya, wannan fa?"

"Bar ta. Filasha maƙaryaciya ce, ta masu biki. Zinariya da hasken Allah ake kallonta."

"Kai ka san aikinka. Ni dai ko da rani ba na fita ba lema."

"Shi ya sa kullum kike ciwon kafaɗa."

Ta yi ɗan murmushi, ta mayar da ita inda take.

A bakin ƙofar kotu mai gadi ya karɓe ƙafafun da ake kafa kyamara a kai.

"Ƙarfe ba ya shiga, maigida."

"Ai ba makami ba ne."

"Kowa haka yake cewa."

Ma'ajin kayan shaida ba ya nan. An ce ya shiga taro. Suka zauna a benci, Tsaya-Cak yana kallon hasken rana yana jan jiki a kan siminti, daga ƙafarsa zuwa bango, daga bango ya haura ya ɓace. Sha biyu ta wuce. Ya miƙe zai koma shago ya ɗauko filasha.

"In ka fita ya zo, izinin ya mutu," in ji Lauya. "Sati biyu na yi kafin na same shi. Kira a kawo maka."

Makullin shagon yana aljihunsa. Ya koma ya zauna.

Saura kwata ƙarfe huɗu Ma'aji ya iso yana sakace haƙori. Lokacin hadari ya haɗo. Ɗakin cike yake da tayoyi, tsofaffin babura da buhuna masu lamba, kwan lantarki ɗaya yana lilo a sama, hasken rawaya kamar fitsari. Ma'aji ya sa safar hannu, ya zaro zoben daga leda.

"Ranka ya daɗe, a ɗan ajiye shi a bakin taga."

"Doka ta ce a hannuna. Ka fara, minti ɗaya ya tafi."

Tsaya-Cak ya durƙusa, ya matso da idon kyamara har ya kusa taɓa zoben. Ga tambarin can, yana ganinsa, ɗigo uku da ɗan baka. Ya riƙe numfashi ya danna. Haske ya yi kaɗan, kyamara ta daɗe kafin ta rufe ido, hoton ya fito kamar an goga masa mai. Ya ƙara biyar, duk ɗaya.

"Tsaya cak, don Allah."

"Ni gunki ne? Kai ma naka hannun rawa yake."

Ya buɗe 'yar filashar da ke kan kyamara, wadda rabonsa da ita tun ranar da ya saye ta. Ya danna. Zinariyar ta maido da hasken gaba ɗaya, cikin zoben ya zama fari fat.

"Minti huɗu," in ji Ma'aji.

"Lauya, ba ni farar takarda."

Ta yage shafi daga fayil. Ya nuna mata yadda za ta riƙe shi a lanƙwashe tsakanin filasha da zobe. Ya danna. Hasken ya bazu, ya yi laushi, zinariyar ta fito da launinta. Nan ya gane abin da farar hular za ta ba shi ke nan tun bugun farko. Ya ƙara ɗaya. Yana shirin na uku Ma'aji ya dunƙule hannu.

"Lokaci ya cika. Ina da sauran aiki."

A ɗan gilashin bayan kyamara hotuna biyun sun yi kyau. Lauya har ta ce alhamdu lillahi.

A shago ya buɗe su a babbar kwamfuta, matar ƙanin tana tsaye a bayansa. Idan aka matso haka, abin da ke fitowa sarai bai fi kaurin gashi ba, kuma hannun Ma'aji ya ɗan ja baya. Bakin zoben ya fito tar, har ana ƙirga zaren safar hannu. Tambarin kuwa ya zama tabo kawai.

Duk da haka ya wanke shi babba, shi da Lauya da matar ƙanin suka nufi gidan maƙerin cikin ruwa. 'Yar tsohon ta tayar da shi zaune, ta sa masa tabarau. Ya daɗe yana kallo, ya juya hoton sama, ya juya ƙasa.

"Na san mahaifiyarku," ya ce a hankali. "Mace mai ciniki kamar za ta cire maka ido."

"To Baba, aikinka ne?"

"Zai yiwu. Zai yiwu kuma ƙuda ne ya yi kashi a wurin."

"Baba, ni na gani da idona. Ɗigo uku da baka."

"Kai ka gani, ɗana. Ni ban gani ba. Ƙafata ɗaya tana kabari, ba zan rantse a kan tabo ba."

A waje Lauya ta yi waya biyu, ta dawo tana girgiza kai. Ba za a sake ba da izini ba. Rantsuwar ɗan'uwan wanda ake tuhuma kuma ba ta da nauyi. Gobe za ta roƙi sassauci, kila a sami shekara biyu maimakon uku. Zoben kuma za a miƙa wa mai ƙara.

Matar ƙanin ta gyara mayafinta da ya jiƙe, ta dubi Lauya.

"Me ake barin mutum ya shiga da shi gidan yari?"

"Bargo ɗaya. Sabulu. Takalmin roba marar igiya."

"Lamba nawa yake sawa, Yaya? Kullum kai kake saya masa."

"Arba'in da uku," ya ce.

Ta tsallaka titi ta nufi shagon takalma.